«Abokan ƙarya» da kalmomin aro a Hausar Damagaram

A cikin wannan ɗan sharhi za mu duba ra'ayin nan da masana harshen Faransanci ke kira « faux amis », wato abokan ƙarya. Sunan ya yaɗu ne daga littafin da Koessler da Derocquigny suka wallafa a 1928 domin masu fassara Ingilishi. Littafin ya yi amfani a zamaninsa. Kukanmu yana kan jerin kalmomin da suka biyo bayansa, waɗanda ake kwafe wa ɗalibai a allo, domin suna cuɗa abubuwa biyu da ba su da dangi.

Na farko dacewa ce kawai ta baƙaƙe. « Pain » burodi ne a Faransanci, ciwo ne a Ingilishi; « burro » man shanu ne a Italiyanci, jaki ne a Sifaniyanci. Irin waɗannan ba su cika ruɗa kowa ba, tun da jumla da kanta ke tona su.

Na biyu shi ne mai wuya: tushe ɗaya, ma'ana ta rabu. « Gift » kyauta ce a Ingilishi, guba a Jamusanci, a harshen Suwidin kuwa guba ce kuma tana nufin mai aure. Duka daga aikatau na bayarwa suka fito, kuma Marcel Mauss ya keɓe wa wannan kalma gajeren nazari a 1924. Jamusanci bai ma saki tsohuwar ma'anar ɗungum ba, ga ta nan cikin « Mitgift », dukiyar da amarya ke tafiya da ita gidan miji. Jerin da ya ajiye « gift » kusa da « pain » ba tare da bayani ba ya ɓoye wa ɗalibi tarihin kalmar, alhali tarihin ne darasin.

To amma abin lura shi ne, ko wannan rabo da muka yi bai isa ba idan aka zo ƙasar Hausa. Tun da Faransa ta kama Damagaram a 1899, Ingila ta kama Kano a 1903, Hausa ke aro daga rijiyoyi biyu, guga ɗaya. Mutumin Dakusa in ya ce zai tafi biro, ma'aikata yake nufi, daga « bureau ». A Kano biro alƙalami ne, daga sunan László Bíró, ɗan jaridar Hangare da ya yi rajistar wannan alƙalami a 1938. A nan kuwa bik muke ce masa. A Turai dacewa ce marar lahani, amma a wurinmu kalmomin biyu sun faɗo cikin harshe guda, kuma rubutun boko, da ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ya yi musu riga ɗaya. Ba sabon abu ba ne ga mai karanta gari na zama da gari na tuwo, sai dai a can kowane Bahaushe ya san ma'anonin biyu, a nan kuwa kowane ɓangare ɗaya ya sani.

Na takardun karatu ya fi tsanani. « Licence » a jami'o'inmu digirin farko ne, a Ingilishi kuwa izini ne, shi ya ba da lasin ko lasisi. « Collège » namu shekara huɗu ne bayan firamare, har zuwa BEPC. Kwaleji a Najeriya tana iya zama makarantar horon malamai bayan sakandare. Ɗalibin da ya kai takardunsa Kano ko Zariya shi ke biyan kuɗin wannan ruɗani.

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, muna ganin ya kamata duk ƙamus da za a tsara a Nijar ya nuna, gaban kowace kalmar aro, harshen da ta fito da yankin da ake amfani da ita, a kuma sa mata alamar sauti.