Jinjina ga 'Yan Sa-kai na WordPress

A shekarar 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka fara WordPress, suka bar ta kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so. Yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta aka gina su.

Ni dai waɗanda suka fi burge ni su ne 'yan sa-kai da ke ɗawainiya da ita, ba a ganin fuskarsu. Wani zai kwana yana farautar kuskure ɗaya tak. Wata tana gwada ko makaho zai iya bin shafi da manhajar da ke karanta masa rubutu. Wani kuma yana rage nauyin hotuna domin shafi ya buɗe ko da sabis ya yi rauni, kuma mu masu lissafin data mun san darajar wannan aiki.

Albarkacin haƙurinsu ne tela ko mai turare, wanda bai taɓa koyon rubuta manhaja ba, zai zaɓi fasalin da ya kwanta masa, ya ɗora hotunan hajarsa, ya fara samun masu saye daga nesa. Da babu su, sai ya biya ƙwararre ko ya haƙura.