"Inji Mai Sauƙi" ko Jigo? Nazarin Kalmomin Wani Darasin Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ake faman sama wa kimiyya kalmomi a Nijar. A 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya ƙara wa aikin nauyi. Wannan takarda za ta ɗauki darasi guda na firamare, wato wanda Faransanci ke kira machines simples, ta duba yadda ake mayar da shi Hausa, domin ɗalibin harshe ya ga irin ɓarnar da fassarar kalma da kalma ke yi.

2.0 Kan darasin

Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "injuna masu sauƙi". Nahawunta daidai ne, amma ma'anarta ta kauce. A wurin Bahaushe, inji abu ne mai shan mai ko wuta, mai ƙara, kamar injin niƙa da injin ban ruwa. "Mai sauƙi" kuwa yakan nufi abu mai araha ko marar wuyar sarrafawa. Saboda haka yaron da ya ji wannan kai zai zaci za a yi masa bayanin ƙaramin janareta ne, sai ga malami ya fito da sanda da dutse. Abin da ake nufi shi ne kayan aiki marasa sassa da yawa, waɗanda ke sauya girman ƙarfin da aka sa ko inda ya dosa. "Kayan sauƙaƙa aiki" ta fi kusa da wannan, ko da yake ita ma tana da tarko, kamar yadda za a gani a 4.0.

3.0 Kalmar levier

A nan masu fassara sukan bi ɗayan hanyoyi biyu: aro ko ƙirƙira. Aro ba laifi ba ne, domin baro da sikeli duk aro ne, sun kuma zauna daram. Sai dai aro yana da amfani ne inda harshe ba shi da abin. Hausa kuwa tana da shi a lambu.

Jigon ban ruwa dogon itace ne da aka ɗora a kan wani gicciye tsakanin ginshiƙai biyu, da guga a kai ɗaya, da curin laka a ɗayan. Mai lambu yana jan guga ƙasa, nauyin laka kuma ya taimaka masa ya ɗago shi cike da ruwa. Duk sassan da darasin ke son yaro ya gane suna nan: wurin da itacen ya dogara, da nauyin da ake ɗagawa, da ƙarfin da ake sawa. Na farkon ma tsarin harshe ya riga ya tanadi sunansa, domin ɗafa ma- a farko da -a a ƙarshe yana ba da sunan wuri, kamar majema da mahauta. Daga dogara sai a sami madogara.

Mai suka zai ce kalmar jigo ta riga ta ɗauki kaya, tun da masana adabi suna kiran babban saƙon waƙa ko labari jigo, ƴan siyasa kuma suna da jigon jam'iyya. Zai ƙara da cewa almakashi ba ya kama da jigo. Amsa ita ce, kalmar levier kanta daga aikatau mai ma'anar ɗagawa ta fito, amma aka faɗaɗa ta har ta haɗa da almakashi, wanda ba ya ɗaga komai. Faɗaɗa ma'ana hanya ce da kowane harshen kimiyya ya bi. Da ita za a iya jera rukunoni uku ba tare da an fita daga gari ba: jigo da almakashi, inda madogara ke tsakiya, baro, inda nauyi ke tsakiya, matsefata, inda ƙarfin yatsu ke tsakiya.

4.0 "Aiki" da "ƙarfi"

Kuskure mafi muni shi ne a ce jigo yana "rage aiki". Ƙa'idar da Arkimidis na Sirakusa ya tabbatar a ƙarni na 3 kafin Miladiyya tana cewa nauyi sau nisansa daga madogara daidai yake da ƙarfi sau nisansa. Alal misali, dutse mai kilo 60 da ke santimita 50 daga madogara zai ɗagu da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 20 in an danna a santimita 150. Amma kafin dutsen ya tashi santimita 10, sai hannu ya sauka santimita 30. Ƙarfi ya ragu sau uku, tafiyar hannu ta ƙaru sau uku. Aiki a kimiyya, wato ƙarfi sau tazara, yana nan yadda yake. Mai fassarar da bai san wannan ba zai rubuta jimla mai daɗin ji wadda malamin sakandare zai sha wuyar cire ta daga kan ɗalibi.

5.0 Kammalawa

Dole a yaba wa waɗanda suka fara rubuta irin waɗannan darussa, domin sun yi sharar fage. Abin da ya rage wa masu tasowa shi ne, kafin su buɗe ƙamus, su fahimci abin da kalmar ke nufi a kimiyya, sannan su tambayi manomi da maƙeri da magini yadda suke kiran kayansu. In an rasa a can, sai a koma ga ƙirƙira, daga bisani aro.

Aikin gida: a nemo kayan aiki biyar a kasuwa ko maƙera, a nuna madogarar kowanne, a kuma faɗi rukuninsa.