Jinjina ga Masu Gyaran Daɓe

Mai sayen gida ƙasa yake fara kallo. Kafin ya ɗaga kai ya ga fenti ko silin, ƙafarsa ta riga ta taka daɓen tsakar gida. Idan ya ga tsaga a sabon gini, zuciyarsa sai ta tafi kan harsashi, farashi kuma ya fara sauka tun dillali bai buɗe baki ba.

Shi ya sa nake jinjina wa birkilan da ya iya gyaran kankare. Ba ya shafe tsaga da ruwan siminti don ya rufe wa mai saye ido. Sai ya durƙusa, ya riƙa ƙwanƙwasa daɓen da guduma yana saurare. Inda ya ji ƙarar holoƙo, ya san ƙasar ƙarƙashi ta zauna. Nan zai fasa, ya cike, ya daddaɓe, sannan ya zuba sabon kwaɓi, ya karkatar da shi kaɗan domin ruwan damina ya bi rariya, kada ya kwanta a gindin bango.

Bayan nan sai haƙuri. Kankare kan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma a makon farko yana son ban ruwa safe da yamma, musamman da hunturu. Wannan wahala babu mai ganinta. Amma ranar da injiniya ya zo duba gida, ya zagaya bai sami abin rubutawa ba, aikin birkila ne ya kare dukiyar mai gida da mutuncinsa.

Allah ya yi wa hannayen nan albarka.