4.3 Sharhi a Kan Ra'ayoyi Biyu Game da Ƙaurar Ƙwararrun Ma'aikatan Laburare, Tare da Auna Su da Halin Birnin Zariya

A wannan sashe za a dubi ra'ayoyi biyu da suka fi yawo a bakin masana da ma'aikata dangane da ficewar ƙwararrun ma'aikatan laburare zuwa ƙasashen waje, sannan a auna kowanne da halin da rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami suke ciki a Birnin Zariya, wato cikin ganuwa. An zaɓi birni ne saboda a nan ne littafi ya daɗe yana da gida tun kafin a san wani abu wai shi laburaren boko. Domin sauƙin bayani, za a laƙaba wa kowane ra'ayi karin maganar da masu shi suka fi kafa hujja da ita. Na farko shi ne na masu cewa "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Na biyu kuwa shi ne na masu cewa "tafiya mabuɗin ilimi".

Masu ra'ayi na farko suna ganin ƙasa ce ta ɗauki nauyin horar da ma'aikacin laburare, don haka idan ya gama ya kwashi ƙwarewar ya kai wa Ingila ko Amurka ko Kanada ko ƙasashen Larabawa, to ya ci amanar talakan da aka yi masa karatu da harajinsa. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, domin ba a arha ake samar da irin wannan ma'aikaci ba. An buɗe Sashen Nazarin Ilimin Laburare na Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1968, bayan rahoton da F. A. Sharr ya rubuta a 1963 kan bukatun Jihar Arewa ta fuskar laburare. Manufar ita ce a samar wa Arewa ma'aikata nata na kanta, shi ya sa sashen ya fara tun daga matakin digiri na farko, saɓanin cibiyar Ibadan wadda ta fi karkata ga horar da waɗanda suka riga suka yi digiri. Ke nan duk wanda ya fice, an yi asarar wani ɓangare na wannan manufa.

Sai dai raunin wannan ra'ayi shi ne ya ɗora laifin kacokan a kan mutum, ya kau da kai daga halin da ya kore shi. A shekarar 1985 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta yi ta zubewa, har ya zamana a 1993 dala ɗaya tana kusan naira 22 a farashin gwamnati. Laburaren jami'a kuwa da kuɗin waje yake sayen yawancin littattafai da mujallun ilimi, saboda haka sai odar mujallu ta yanke, kantoci suka cika da tsofaffin bugu. Ma'aikacin da aka koya wa zaɓen littafi da tsara shi, sai ya wayi gari babu abin zaɓa, babu abin tsarawa. Ita kanta gwamnati ta amsa cewa akwai matsala, tun da ta kafa kwamiti kan zurarewar masana a 1988, kuma yarjejeniyar da ta ƙulla da ƙungiyar malaman jami'o'i a 1992 ta tanadi a riƙa ware wa laburare kashi 10 cikin 100 na kuɗin gudanarwar jami'a. Da babu ciwo, da ba a nemi magani ba. Irin wannan hali ya sake maimaita kansa bayan da aka saki naira a 2023, inda dala ta haura naira 1,500 a 2024, a daidai lokacin da kalmar Yarabanci ta "japa" ta zama ruwan dare a bakin matasa. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ba a yi masa adalci ba idan aka tsaya ga kiransa maci amana kawai.

Masu ra'ayi na biyu su kuma suna kafa hujja da tarihi, kuma hujjarsu ta fi ta farko ƙarfi a ido. Suna cewa fita neman ilimi da abinci ba baƙon abu ba ne ga malamin ƙasar Hausa. Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ilimin hatimi, ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya koma Salaga, daga baya Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yanzu, inda ya rasu a 1934, kuma ba domin zamansa a can ba da wataƙila ba a sami yawancin rubuce-rubucensa na Hausa a yau ba. Shi kansa Abubakar Imam daga Zariya ya tashi ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta labarin tafiyar. A ganinsu, ma'aikacin laburaren da ya fita zai aiko da kuɗi gida, zai koyi sababbin dabaru na kwamfuta, kuma zai zama ido da kunnen Hausa a manyan laburaren duniya.

Abin da masu wannan ra'ayi ba su cika ambata ba shi ne ƙarshen labarin al-Katsinawi. A gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya rasu, kuma shi ya bar wa littattafansa. Wato dai Alƙahira ce ta ci gado, Katsina ba ta gani ba. Bahaushe ya bambanta ɗan ci-rani da wanda ya yi ƙaura: na farko yana dawowa da faɗuwar ruwa ya kama gona, na biyu kuwa ya tafi har da irin shuka. Misalin Imam na ci-rani ne, misalin al-Katsinawi na ƙaura ne, kuma haɗa su a kwando ɗaya kuskure ne na hujja.

Har wa yau, ra'ayin ya ɗauka cewa duk ma'aikacin laburaren da ya fita, aikin laburare zai samu a can. Lamarin ba haka yake ba. A Amurka da Kanada yawancin guraben ƙwararru suna neman digiri na biyu daga makarantar da Ƙungiyar Laburare ta Amurka ta amince da ita. Mai digiri daga Zariya, ko da ya yi rajista da hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta Nijeriya wadda dokar soja ta 12 ta 1995 ta kafa, yawanci sai ya sake komawa aji da kuɗinsa. A Ingila kuwa, mafi ƙarancin albashin da ake nema kafin a ba ƙwararren ma'aikaci biza ya tashi daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a watan Afrilun 2024, sannan aka sake ɗaga shi zuwa fam 41,700 a watan Yulin 2025, alhali guraben masu fara aikin laburare ba su cika kai wannan adadi ba. Wanda ya rasa gurbi a fagensa sai ya kama abin da ya samu. A irin wannan hali gida ya yi asarar ƙwararre, waje kuma bai amfana da ƙwarewarsa ba.

4.3.1 Abin da Ra'ayoyin Biyu Suka Tsallake

Babban gibin da wannan nazari ya hango shi ne, ra'ayoyin biyu duk suna maganar "ma'aikacin laburare" kamar abu ɗaya ne. Idan aka shiga cikin ganuwa ta Ƙofar Doka, aka nufi unguwannin malamai irin su Juma da Kona, sai a tarar da wani irin laburare dabam wanda ba shi da kanta, ba shi da kati, ba shi da lambar Dewey. Littafi warwara ne, ba a ɗinke yake ba. Ana haɗa shi cikin tadarishi, a sa a gafaka, a rataye ko a ajiye cikin adaka. Mai gidan ya san kowace takarda da idonsa, ya san wanda ya kwafe ta da wanda aka gada daga gare shi. Birnin da ya fitar da malamai irin su Malam Shitu ɗan Abdurra'ufu da Malam Umaru Wali a ƙarni na 19, da sarki mawaƙi Aliyu Ɗansidi wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja, da Aliyu Namangi mai Imfiraji, ba za a ce masa matalaucin littafi ba. Abokan gaban waɗannan takardu kuwa sanannu ne: gara, da danshin damina a ɗakin ƙasa, da gobara, da kuma rabon gado, wanda kan raba littafi ɗaya gida uku.

Ma'aikacin da zai iya yi wa irin wannan taska hidima sai ya haɗa abubuwan da ba kasafai suke haɗuwa a kan mutum ɗaya ba. Sai ya iya Larabcin malaman zaure, ya iya karanta rubutun warash da hannayen makwafa daban-daban, ya iya Ajami wanda ba shi da daidaitacciyar ƙa'ida ɗaya, sannan ya san ƙa'idojin tsara katalog na zamani. Bayan duk wannan akwai sharaɗin da ba a koyarwa a aji, wato yarda. Malamin zaure ba ya kwance gafakar kakansa a gaban wanda bai san asalinsa ba, musamman da yake an sha jin ƙorafin cewa an karɓi takardu aro ba a mayar ba. Irin wannan yarda shekaru take ɗauka, da gaisuwa da ta'aziyya da zaman tabarma. Idan mai tsara littattafan Turanci ya tafi, ana iya maye gurbinsa da ɗalibin da ya gama bana. Idan wannan ya tafi, ƙofofin zauruka da yawa ne suke rufewa a bayansa. Abin takaicin kuma shi ne, shi ne ainihin wanda laburaren waje suke da dalilin nema, domin suna da masu Turanci birjik, amma masu karanta Ajami ƙalilan ne.

A nan ya kamata a yi adalci a faɗi cewa matsalar ta girmi ƙaura. Idan aka duba waɗanda suka fara tsara jerin rubuce-rubucen hannu na Arewa, za a ga yawancinsu baƙi ne: W. E. N. Kensdale a laburaren Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, da Aida Arif da Ahmad Abu Hakima waɗanda suka fitar da jerin na gidan tarihi na Jos da na laburaren Lugard Hall da ke Kaduna a 1965, da Murray Last a ƙarƙashin Shirin Binciken Tarihin Arewa, da Abdullahi Smith wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Ke nan tun farko masana tarihi da Larabci ne suka riƙe wannan aiki, horon laburare kuwa ya fuskanci littafin ɗab'i. Ronald Benge, wanda ya koyar a sashen na Zariya a shekarun 1970, ya yi irin wannan suka a littafinsa na 1979, Cultural Crisis and Libraries in the Third World, inda ya nuna yadda aka kwafo tsarin laburaren Turai aka dasa a ƙasashen da al'adunsu suka sha bamban. Idan aka bi maganarsa zuwa ƙarshenta, sai a ga cewa manhajar da kanta tamkar fasfo ce. Ɗalibin da ya ƙware a tsarin Laburaren Majalisar Amurka ya fi kusa da aiki a London ko Toronto bisa ga aiki a wani zaure na Kona, duk kuwa da cewa tsakanin Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru da cikin birni bai wuce tafiyar kilomita 15 ba ko makamancin haka.

Akwai wata hujja mai nauyi da za a iya kawowa a kan wannan matsayi, kuma bai dace a ɓoye ta ba. Littattafan Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, waɗanda suka haura guda 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. A can ne Abdullahi Mohammed ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansu a 1978. A wannan jami'a ce kuma John Hunwick, da taimakon masana irin su Hamidu Bobboyi da Muhammad Sani Umar, ya haɗa juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa wanda aka buga a 1995, kuma duk mai neman sunayen marubutan Zariya da ayyukansu ba ya rasa komawa gare shi. Ba za a musa cewa takardun Falke sun tsira daga gara ba. To amma ɗalibin Kano da ke son ganin asalinsu sai ya nemi biza. Sannan abin lura, Bobboyi ya dawo ya shugabanci Gidan Arewa, Umar kuma ya dawo ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello. Don haka wannan misali, maimakon ya goyi bayan ƙaura, ci-rani ya fi goya wa baya.

Wasu kuma suna ganin ɗaukar hoton takardu da na'ura ya kashe bakin zancen, tun da Shirin Ceto Takardun da ke Cikin Haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, yana barin asalin takarda a ƙasarta ya ɗauki hoto kawai, haka ma taskar Ajamin Afirka ta Jami'ar Boston tana sa hotunan a intanet kyauta. Wannan ci gaba ne babba, kuma ya ba ƙwararren da ke waje hanyar yi wa gida aiki daga nesa. Amma na'urar ɗaukar hoto ba ta sallama a ƙofar zaure. Kafin a ɗauki hoto sai an sami wanda zai shawo kan mai gida, ya jera warwarar takardu bisa kalmar da makwafi yake sawa a ƙasan shafi domin nuna farkon shafi na gaba, ya gane inda wani littafi ya ƙare wani ya fara, ya tambayi dattijon gidan sunan makwafin tun yana da rai. Hoton da aka ɗauka ba tare da wannan bayani ba yakan shiga katalog da sunan "ba a san marubuci ba", alhali a cikin unguwar akwai wanda ya sani.