Cijewar Alƙalami a Tsakiyar Ƙagaggen Labari: Darasi Daga Imam da Mamani

1.0 Gabatarwa

Matamaye tana kan hanyar da ta haɗa Damagaram da Daura da Kano. Ta wannan hanya littattafan soyayya na Kano suke shigowa tun shekarun 1990, alhali makarantar boko ta raini ɗalibi da Faransanci. Saboda haka matashin da ya ɗauki alƙalami a nan yana da labari a baki, yana kuma da abin koyi iri biyu, amma sau da yawa rubutun yakan cije bayan babi na biyu ko na uku. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa cijewar nan matsala ce ta zubi da tsari. Za a kafa hujja da littattafai biyu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Sarraounia na Abdoulaye Mamani.

2.0 Imam da Zaren Tafiya

Lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar 1933, Rupert East ya sha fama kafin ya shawo kan malamai. A maƙalarsa ta 1936 ya bayyana cewa a wurinsu ƙaga labari aikin mata da yara ne, watau tatsuniya. Ke nan marubucin farko bai gaji wani ƙwarangwal na dogon zube ba. Imam, wanda a lokacin yake da shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya warware matsalar da aro. Daga Muƙamat na Hariri ya ɗauko dabarar mutum biyu masu yawo suna ta karo da juna, ya mai da su Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Daga tatsuniya kuma ya ɗauko neman maganin da ke nesa.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Duk inda labari ya ƙare a wani gari, sai tauraro ya ɗaura kaya ya nufi na gaba, marubuci ya sami sabon fage ba tare da ya sake tunanin jigo ba. Sai dai dabarar tana da tsada. Neman ruwan yakan ɓace wa mai karatu na dogon lokaci, kuma ana iya sauya wa wasu aukuwoyi wuri ba tare da labarin ya girgiza ba. Halin tauraron ma bai cika canzawa ba daga farko har kusa da ƙarshe.

3.0 Mamani da Giɓin Tarihi

Matsalar Mamani ta bambanta. Yaƙin Lugu na Afrilun 1899, inda Sarauniya ta tari rundunar Voulet da Chanoine, bai sami wuri mai yawa a takardun Faransawa ba. Wanda ya dogara da su kaɗai zai tsaya tun a shafukan farko. Mamani, ɗan Sawaba da ya yi gudun hijira, ya dawo gida aka kuma ɗaure shi a zamanin Kunce, ya fitar da littafinsa a Paris a 1980. Abin da ya yi shi ne ya yanka labarin gajerun babi-babi, yana sauya idon da ake kallo da shi: yau fadar Sakkwato, gobe Abzinawa, jibi sansanin Nasara. Kowane ɓangare yana shawarar yadda zai yi da Sarauniya, kuma daga bakinsu ne girmanta yake fitowa.

Nan ma akwai abin zargi. Sarauniya takan zama tuta fiye da mutum, domin an fi jin maganar da ake yi a kanta bisa ga tata maganar. Duk da haka tsarin ya ɗauki labarin har ƙarshe, ya kuma ba Med Hondo abin da ya gina fim ɗinsa na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

4.0 Kammalawa

Marubutan biyu sun zaɓi ƙwarangwal mai ba da damar ci gaba ko da wani sashe ya ƙi: tafiya a wurin Imam, sauya ido a wurin Mamani. Marubucin Matamaye da rubutunsa ya cije zai iya tambayar kansa abu biyu kafin ya zargi basirarsa. Me zai tilasta wa tauraro barin inda yake? Wa kuma bai riga ya faɗi albarkacin bakinsa ba a cikin labarin? Saura ga manazarta su duba ko akwai tsari na uku, wanda zai riƙe dogon labari ba tare da an sadaukar da halin tauraro ba, domin nan ne littattafan biyu suka yi rauni.