Ta Wace Ƙofa Harsashi Zai Shiga?

Bindigar sakata, wato irin wadda mai harbi ke jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi, ta yi sama da shekara ɗari da siffa guda. Mariƙin sakatar yana dama, ƙofar da ake ɗura harsashi kuma kwanso ya fito ta cikinta ita ma tana dama. Haka Mauser ta Jamus ta 1898 take, haka Remington 700 da ta fito a Amurka a 1962. Soja da mafarauci aka yi wa wannan tsari, mutanen da hannunsu na hagu ke tallafe da bindiga, sai na dama ya yi sauran aikin duka.

Amma wanda ya leƙa filayen gasar harbin saiti a 'yan shekarun nan zai ga abin ya sauya. Sakata na dama, ƙofa na hagu. Wata bindigar ma ƙofa biyu gare ta: a ɗura ta hagu, kwanso ya fice ta wata 'yar kafa a dama. Akwai kuma wadda aka huda ta ƙasa, kwanson ya zurare ta cikin bindigar ya faɗa kan teburi, ko tsalle bai yi ba. Kamfanoni irin su Kelbly's a jihar Ohio da BAT Machine a Idaho sukan tambayi mai saye ɓangaren da yake so a yanke masa ƙofa, Stiller na Texas kuwa da ƙofar ƙasa ya yi suna. Ni ina ganin wannan sauyi hikima ce ta gaske a inda aka haife shi, sai dai ya zama yayi, yayin kuma ya kai shi wuraren da ba shi da aikin yi.

A harbin kan teburi aka haife shi. Wannan wasa ne na Amurkawa wanda ƙungiyar NBRSA ke shiryawa tun 1951, IBS kuma ta biyo baya a 1970. Mai harbi yana zaune ne a kujera, bindigar na kwance a kan matokari ta gaba da jakar yashi ta baya. Burinsa harsashi biyar su bi ta rami ɗaya a nisan yadi 100 ko 200, cikin minti bakwai. Don a gane irin ƙurewar da ake yi: a 2013 Mike Stinnett ya harba biyar a yadi 100, tazarar da ke tsakanin mafi nisa biyu ta tsaya inci 0.0077, wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Tarihin da ya karya, na Mac McMillan, ya yi shekara 40 ba wanda ya taɓa shi.

Ga yadda hannuwan irin wannan mutum suke. Na hagu ba ya ɗauke da komai, teburi ya ɗauke masa nauyin. Harsasai na jere a ɗan katako kusa da shi. Ya taɓa kunama, bindiga ta zame baya kaɗan a kan jakar yashi, hannun dama ya ɗaga sakata ya ja, kwanso ya fice dama, kafin ya gama gangarawa hannun hagu ya riga ya ajiye sabon harsashi a ƙofar hagu da ke gaban idonsa. Dama ya rufe, kafaɗa ta mayar da bindiga mazauninta. Bai ɗaga kai ba, bai miƙa hannu ya tsallaka madubin saiti ba, kuma yana ganin cikin ƙofar da idonsa. Mai ƙofar dama dole hannu ɗaya ya buɗe, ya lalubo harsashi, ya saka, ya rufe.

Duk wannan hanzari saboda iska ake yin sa. Tsakanin teburi da allon saiti an kakkafa ƙananan tutoci masu jela, su ke nuna inda iska ta dosa da ƙarfinta. Yanayin da mai harbi ke so yana iya zuwa ya wuce cikin daƙiƙa ashirin. Shi ya sa 'yan wasan suka kasu biyu: masu gudu, waɗanda da zarar tutoci sun daidaita sai su zazzage biyar ɗin a jere, da masu tsinta, waɗanda ke harba ɗaya su jira yanayin ya dawo. Ga mai gudu, ƙofar hagu ba ado ba ce. Ita ce bambancin gama harbi a iska ɗaya da gama shi a iska biyu, kuma a wasan da ake auna nasara da gashin inci, wannan ya isa ya raba na ɗaya da na goma. Nan ba ni da ja ko kaɗan.

Inda na fara ja shi ne da zancen ya koma cewa bindigar da ba ta da ƙofa biyu tsohuwar yayi ce. Ɗauki mai harbi a kwance da maɗaurin hannu, irin na gasar Palma ko na filin Bisley a Ingila. Hannunsa na hagu na cikin safar fata mai kauri, a ɗaure tam da bindiga, gwiwar hannun a kafe a ƙasa. Idan ya motsa shi, zaman da ya ɓata lokaci yana gyarawa ya rushe. Ƙofar hagu ga wannan mutum wahala ce tsantsa. Masu ƙera bindigogin mita 50 na Olamfik sun fahimci haka, shi ya sa suka bi wata hanya dabam. Bleiker na Suwizalan da Walther na Jamus sun bar ƙofar a dama, suka jawo ta baya kusa da mai harbi, yadda zai ɗura ba tare da ya ɗaga gwiwar hannunsa daga tabarma ba. Matsala iri ɗaya ce, kada jiki ya motsa, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

F-Class ne ya fi rikitarwa, kuma a nan ne yayin ya fi ƙarfi. Sunan ya samo asali daga George Farquharson, ɗan Kanada da ya nemi a bar masu shekaru su ci gaba da harbin nesa da madubi da matokari. A kwance ake yi, har zuwa yadi 1,000, kuma hannun hagu ba a ɗaure yake ba. Sai dai ba zaman banza yake yi ba: ko yana matse jakar baya, ko yana riƙe da sandar juya matokari. Sannan tsarin gasar ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka galibi mutum kan harba jerinsa shi kaɗai, yana iya sauri yadda yake so, musamman a filayen da allunan lantarki ke nuna inda harsashi ya faɗa nan take. A Birtaniya da Kanada kuwa mutum biyu ko uku ke raba allo ɗaya, suna karɓa-karɓa. Wanda zai jira abokin harbinsa ya gama kafin ya sake taɓa kunama, me daƙiƙa biyun da ƙofar hagu ta rage masa za su ƙara masa?

Kuma ba kyauta ake samun ta ba. Kowace ƙofa ƙarfe ne aka yanke daga gidan sakata, gidan da ke ɗauke da dogon bututu mai nauyi. Masu ƙira na rama wannan da ƙara kauri, kauri kuma nauyi ne, alhali kowane rukuni na da iyakarsa: fam 10.5 a ƙaramin rukunin kan teburi, a rukunan F-Class kuwa kilo 8.25 a F-TR, kilo 10 a F-Open. Ƙofar ƙasa ta fi dacewa da gajerun kwansuna irin 6 PPC, wanda Lou Palmisano da Ferris Pindell suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1970, dogon kwanso kuwa ba ya bi ta nan cikin sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne fuska. Mai harbi da dama kansa na gefen hagu na bindiga, to ƙofar hagu tana kallon idonsa ke nan. Idan kwanso ya fashe, Allah ya kiyaye, zafin gas ɗin na iya biyowa ta nan. Gilashin kare ido wajibi ne ga kowa, ga mai irin wannan bindiga kuwa ko tattaunawa babu.

Ina tausayin sabon shiga. Ya ga zakaru da ƙofa biyu, ya zuba kuɗinsa a kai, ya koyi zazzage harsashi da sauri tun bai koyi karanta tuta ba. Ranar da iska ke kwance sai ya yi kyau, ya ɗauka ƙofar ce. Ranar da take juyawa sai ya watsa biyar ɗin cikin daƙiƙa goma sha biyar, duka a wurin da bai so ba. Tony Boyer, wanda ya fi kowa tara nasarori a harbin kan teburi, sanin iska da daidaita bindiga ne suka kai shi inda ya kai. Ƙofa ba ta sa harsashi ya tafi daidai, tana dai ba wanda ya riga ya karanta iska damar cin moriyar karatunsa.

Da zan ba masu shirya gasar F-Class shawara, sai in ce su ƙara yawan wasannin karɓa-karɓa ko da a filayen da aka saka allunan lantarki, ko kuma su sa ɗan jinkiri kafin allo ya nuna sakamako, gwargwadon lokacin da mai jan allo da hannu ke ɗauka. A irin wannan gasa mai tsohuwar Remington da mai sabuwar BAT za su kwanta kafaɗa da kafaɗa, kowa ya harba ɗaya ya jira, kuma kowane harbi sai an sake duba tutoci kafin a yi shi.