Ƙera mutum-mutumin yaƙi ba tare da jin Japananci ba

A Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, bayan yaƙin Burmi na 1903, baƙon harshe ba ya firgita kowa. Yaro kan tashi da Hausa ko Fulatanci a gida, da Larabcin Sudan a kasuwa, da na Alƙur'ani a allo. Mutum-mutumin Japan ma tsohon sani ne, domin Grendizer, wanda Go Nagai ya ƙirƙira a 1975, ya shiga gidajen ƙasashen Larabawa yana magana da Larabci tsantsa. Amma a can wani ne ya ɗauki wahalar fassara. Da zamanin PlayStation ya zo, faya-fayai bugun Japan suka bazu a kasuwanni daga Kano har Omdurman ba tare da tafinta ba. Ƙwallon Winning Eleven mai sauƙi ce, kowa ya san raga. Wasan da ke neman kai shi ne irin Armored Core, wanda kamfanin FromSoftware ya fitar a 1997, inda sai ka harhaɗa mutum-mutuminka gaɓa-gaɓa kafin a bar ka ka fita fagen fama.

Aikin gwanin irin wannan wasa yana farawa tun kafin a kunna. Akwatin da aka yi wa Japan wutar bolt 100 yake sha, ta Sudan kuwa ta haura 200, saboda haka sai da taransifoma mai rage ƙarfi, in ba haka ba ƙauri za a ji. Tsarin hoton Japan na wancan lokaci, NTSC, ya bambanta da PAL na Sudan, shi ya sa tsohuwar talabijin kan nuna wasan baƙi da fari. Sai hannun wasa: a bugun Japan na wancan zamani da'ira ce "na yarda", gicciye kuma "na fasa", akasin bugun Turai. In aka yi tambaya, gwani yana ƙirga haruffa. Amsa mai harafi biyu ita ce "i", mai uku ita ce "a'a". Wannan ƙirgen kaɗai ya isa ya hana mutum shafe ajiyar wata guda daga katin ajiya.

A garejin wasan, inda ake harhaɗa mutum-mutumin, nan ne ilimin yake. Akwai kai, da ƙirji, da hannaye, da ƙafafu, da janareta, da busta mai tura jiki sama ko gaba, da FCS, wato ƙwaƙwalwar da ke kama abokin gaba ta riƙe wa bindiga saiti, sannan makaman hannu da na kafaɗa. Sunan kowane sashe lamba ce da haruffan boko, kuma gwani ya lura cewa farkon lambar ba ya ƙarya: HD kai ne, AN hannaye, WG bindiga, WM makami mai linzami. Bayanin da ke ƙasa ba ya karantuwa, amma alƙaluma iri ɗaya ne ko'ina a duniya. Sai ya cire abu ɗaya tak, ya sa wani, ya dubi wace lamba ta motsa. Ba ya taɓa canza biyu a lokaci guda, don in ya yi haka ba zai san wanda ya jawo canjin ba. Ya ɗora bindiga mai nauyi, wata lamba ta ƙaru, to wannan layin nauyi ne. Ya canza janareta, wata ta yi tsalle, to wannan wuta ce. Daga nan ya shiga filin gwaji ya ji yadda jikin ke juyawa.

Ƙafafu su ne jakin tafiyar, kayan da suka fi ƙarfinsu ba sa tashi, kuma wasan ba zai bar ka ka fita ba sai ka sauke. Masu kama da na mutum suna da daidaito, amma dole su durƙusa kafin su harba igwar kafaɗa. Masu gwiwa a baya gwanayen tsalle ne. Masu huɗu suna sulalewa a ƙasa suna harbi. Masu sarƙar tankar yaƙi suna ɗaukar kaya mafi yawa, sai dai saurin nan babu shi, busta ma tasu a jikinsu take. Ba wanda ya karanta masa ko ɗaya cikin waɗannan, a fage ya gan su ya riƙe.

Dubi littafinsa, irin na makaranta mai layi. A dama ya zana alamar Japananci yadda idonsa ya gan ta, a hagu ya rubuta ma'anar da ya gano, da Larabci ko da ajami. Da sannu yake gane cewa rubutun kala uku ne. Akwai masu lanƙwasa, akwai masu cunkoson layuka da ake kira kanji, akwai kuma masu kusurwa, katakana, waɗanda tushensu haruffa 46 ne, kuma da su Japanawa ke rubuta kalmomin aro. Wanda ya haddace su zai furta "misairu" ko "reda", ya ji kunnensa ya san abin. A ganina nan ne dabarar ta fi burgewa: cikin rubutu uku ya zaɓi wanda zai biya shi da wuri, kanji kuwa ya ɗauki kaɗan da ke yawan dawowa a bayanin aiki, kamar alamar abokin gaba da ta lada, ya bar sauran.

"Yaya, me ya ce?" in ji ƙaramin da ke leƙe ta kafaɗa.

"Ban ji ba. Amma wannan alamar, duk sanda ta fito gadi ne. Kar ka harbi motar."

Bayan kowane aiki wasan yana kawo lissafi: ga lada, a cire kuɗin harsashi, a cire kuɗin gyara. A nan ake gane wanda ya zo danna maɓalli kawai. Shi yakan tsallake bayani, ya zazzage harsashi a bango, ya ci yaƙi amma ya tashi da bashi, in bashin ya kai 50,000 kuma wasan ya mayar da shi farko. Gwani ya riga ya lura cewa makaman da ke shan wutar janareta ba su da kuɗin harsashi, ga takobin haske a hannun hagu wanda ba ya ƙarewa, don haka yana matsowa kusa ya sara. Ya kuma gano cewa shago yana karɓar kaya a kan farashin da ya sayar, sai ya mai da shi wurin aro: ya saya, ya gwada, ya mayar. Kafin ya karɓi sabon aiki yana ajiyewa a kati, ya shiga sau ɗaya don leƙen asiri kawai, ya ga faɗin wurin da irin abokan gaba, sannan ya koma gareji ya sake ƙira daga ƙafafu zuwa sama.